Kada Ka Karyar Da Albasarka Saboda 4K

A watan Afrilu wani ƙanena mai haɗa bidiyon biki a Wurno ya kira ni ransa a ɓace. Bidiyon minti goma ya ɗora a Premiere Pro, hoto na tafiya yana turjewa kamar jaki a yashi, ga dangin amarya sun hana shi sakat. Mai gyara ya ce kwamfutar ta gama yayi, ya sayi sabuwa. Har ya fara lissafin buhun albasa nawa zai fitar, a lokacin da albasa ba ta da daraja a kasuwa.

Rubuta manhaja ne sana'ata, kuma wannan shawara ta ishe ni. Daga Rabah har Goronyo, duk yaron da na'urarsa ta yi nauyi amsa ɗaya yake samu: kawo kuɗi. Wa ya tsaya ya tambayi abin da ya danne ta?

Hoton 4K ɗigo sama da miliyan 8 ne, na 1080p kuwa miliyan 2. Ninki huɗu ke nan. Ina za a kalla? A waya, bayan WhatsApp ya matse shi. Ka ɗora wa na'ura kayan raƙumi, sannan ka ce raguwa ce.

Wayoyi da yawa kuma suna ajiye bidiyo a tsarin H.265, wanda ba ya cin wuri amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta. Maganin yana cikin manhajar, ana ce masa furoksi: ta yi maka kwafi mara nauyi ka yi yanke-yanke da shi, in ka gama ta fitar da na asalin. Ko kwabo ba ka biya.

Ga zafi. A bazara muna haura digiri 40, ƙurar hunturu ta toshe fanka, kai kuma ka ajiye na'urar a kan katifa. Da ta yi zafi take rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. In an ɗauke wuta ta koma batir, ta ƙara ragewa.

Na yarda, mai RAM 4GB ya haƙura da After Effects. Amma ko shi, ƙarin RAM da faifan SSD bai kai rabin kuɗin sabuwa ba.

Ƙanena ya sa aka busa fanka, ya kunna furoksi. Amarya ta karɓi bidiyonta, albasa na nan tana jiran farashi. Masu gyara, ku ji tsoron Allah: ku buɗe na'ura kafin ku buɗe aljihun yaro.