DOKAR SOSHIYAL MIDIYA: WA TAKE KAMAWA?

Jiya da dare na yi rubutu a kan kuɗin da ake yanka a albashinmu, na karanta sau uku, na goge. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na dai tuna cewa a cikin abokaina na nan Facebook akwai wanda zai ɗauki hotonsa ya tura wa maigida kafin a kira asuba. Shekara goma sha tara ina aikin gwamnati, na san yadda takardar tuhuma take zuwa.

Da safe kuma sai gardama ta kaure a ofis. Wani abokin aikina, dattijon kirki, ya ce shi kam gara gwamnati ta sa wa soshiyal midiya linzami, yaran nan sun fitsare. Ban ce masa komai ba a wajen, shi ya sa na zo nan.

Wallahi yana da hujja. A 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa 'yan uwanku, alhali wasu hotunan ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. BBC ta yi bincike a kai, 'yan sandan jihar da kansu suka ce hotunan sun ƙara rura wutar, an tare matafiya a hanya an kashe. A gidanmu ma mun ɗanɗana. 'Yar yayata, wani ya ɗauko hotonta na biki ya rubuta ƙazafi a ƙasa, ya watsa a zaurukan WhatsApp. Yarinyar nan ta yi wata biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Saboda haka kada wani ya zo ya karanta mini darasin illar labaran ƙarya, na san ta.

Tambayata ita ce: dokar da ake da ita a yanzu, wa ta kama?

Tun 2015 muke da dokar laifuffukan intanet. Sashe na 24 nata ya tanadi ɗaurin har shekara uku ko tarar har naira miliyan bakwai ga wanda ya aika saƙon ƙarya don ya ɓata wa wani rai ko ya ci masa mutunci. Ɓacin rai fa! Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, sai a 2024 aka yi masa kwaskwarima. To a tsawon shekarun nan, ku tuna mini mutanen da kuka ji an kwana da su a caji ofis saboda rubutu. Ɗan jarida ne da ya tambayi inda kuɗin kwangila suka shiga. Matashi ne da ya soki gwamna. A 2022 ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse ne, aka ɗauke shi har Abuja saboda rubutu guda a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga aka janye ƙarar. Mu da muka kai ƙarar wanda ya yi wa yarinyarmu ƙazafi, ce mana aka yi mu je mu sasanta, ai abin yara ne. Doka ɗaya ce fa. Bambancin kawai wanda aka ɓata wa rai.

Kuma har yau ba a gaya mana inda Dadiyata yake ba, tun da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019. Duk mai rubutu a Arewa yana tuna shi kafin ya danna.

A waccan shekarar ce Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo ƙudirin yaƙi da ƙarya a intanet, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya mai ɗauke da hukuncin rataya. Jama'a suka yi ca, duka biyun suka kwanta. Amma gwamnati ba ta jira doka ba. Ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan Twitter ya goge wani rubutun Shugaba Buhari, Lai Mohammed ya sanar da dakatar da kamfanin. Abin dariya ma, a Twitter ɗin aka wallafa sanarwar. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, wata bakwai cur. Me aka samu? Masu zagi suka sauke VPN suka ci gaba da zaginsu. Yarinyar da ke tallan atamfa da turaren wuta, wadda ba ta san VPN ba, ita ta rasa kwastomominta. Daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka.

Na Zamfara ya fi ci mini rai. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wai don a karya 'yan bindiga. Mutanen Gusau suna shiga mota har Funtuwa don su buga waya ɗaya su ce wa ɗansu suna nan da rai. Masu POS suka rufe. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji. Ni ban zargi niyyar ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma ku dubi Zamfara yau ku gaya mini.

Abin da dattijon ofishinmu bai duba ba shi ne, linzamin nan hannun wa za a ba. Wanda zai yanke cewa wannan magana ƙarya ce, shi ne wanda maganar ta shafa. In na rubuta cewa babu magani a asibitin garinmu, kwamishina ya ce akwai, wa za a kulle? Na zauna a kwamitoci, na ga yadda ake gyara rahoto kafin ya hau sama. Sau da yawa abin da ya sa a gyara rijiyar burtsatse ko a biya bashin albashi shi ne wani yaro ya ɗauki bidiyo ya saka, babba ya ji kunya. Fayil ɗin da ya shekara a teburi sai ka ga ya tashi cikin kwana biyu.

Kuma mulki juyi ne. Waɗanda suka rufe Twitter a 2021, da soshiyal midiya suka yi yaƙin 2015, suna ragargazar Jonathan dare da rana, ba wanda ya rufe musu. Yau wasunsu suna adawa, su ne ke kukan an hana magana. Duk dokar da ka goyi baya don naka ne a sama, ka lissafa ranar da za ta koma hannun wanda ba ka so.

Ban ce a bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba mu 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya yarda a yi masa iyaka. Wanda ya tunzura a kashe mutane a kama shi, a gurfanar da shi a bainar jama'a. Wanda ya ɓata sunan wani, gwamna ne ko mai shayi, akwai dokar ɓata suna, ya je gaban alƙali ya kawo hujja kamar kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne babba ya ɗaga waya a zo da mota cikin dare a ɗauki yaro, iyayensa su kwana uku suna yawon neman inda yake.

Na san wani zai ɗauki hoton wannan ma ya tura. Malam, in za ka tura, don Allah ka tura shi duka, har da sakin layin 'yar yayata. Wanda ya yi mata ƙazafin yana nan, ɗazu ma na ga ya saka sabon hoto.