Tsohuwar Mota Da Makullin Zamani

A wannan mako filin namu zai leƙa wurin masu gyaran wutar mota ne a Maiduguri, waɗanda aka fi sani da rewaya, don mu duba wani aiki da ake kawo musu, watau mutum ya zo da tsohuwar motarsa ya ce a sa mata makullin lantarki, yadda zai tsaya daga nesa ya latsa rimot ƙofofi huɗu su kulle gaba ɗaya, kamar dai motocin da ake shigowa da su ta Kwatano. Ni ban ga laifin wannan sha'awa ba. Abin da nake ja da shi kawai shi ne yadda ake yin aikin.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Tun 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa ta, aka kuma yi kimanin shekara 30 ana fitar da ita, har ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗan kasuwa. In ka kwance murfin cikin ƙofarta ba abin da za ka tarar sai ƙarfe: kuba, da siraran sanduna da suka haɗa ta da mariƙin waje, da na ciki, da ɗan maɓallin da ake dannawa. Ko da batir ko babu, ƙofar nan za ta buɗe. Abin da ke damunta bai wuce ƙurar hunturu da ke cakuɗa da tsohon giris ta daskare ba, maganinsa kuwa a wanke da kananzir a sa sabon mai.

To, in za a mayar da ita ta lantarki, sai rewaya ya ɗaura wani ɗan ƙaramin inji a cikin kowace ƙofa, ya maƙala shi a jikin sandar maɓallin. In wuta ta shige shi ta wannan fuska sai ya ja sandar ƙasa, in aka juya wutar sai ya tura ta sama. Na ƙofar direba yakan zo da waya 5, domin shi ne ke sanar da sauran, na sauran ƙofofin kuwa waya 2 ne, sannan ga ɗan akwatin da ke karɓar umurnin rimot. Iyakar hikimar ke nan, kuma a hannun gwani tana aiki lafiya lau.

Amma fa araha ba ta ado. Wani zai ɗaura injin a karkace, sandar ta riƙa turjewa, kafin a jima haƙoran robar da ke cikinsa sun cinye. Wani zai ratsa waya ta tsakanin ƙofa da jikin mota ba tare da ya sa mata rigar roba ba, kullum aka buɗe aka rufe ƙarfe na gugarta. Wani kuma, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, zai jawo wuta kai tsaye daga batir babu fiyus, ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe da salatif maimakon ya liƙe su da dalma. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, cikin ƙofar motar da ta wuni a rana tanderu ne, salatif kuwa saki yake yi. Waya tsirara ta taɓa ƙarfe, ga shi babu fiyus da zai yanke, sai hayaƙi.

Masu Marsandi nasu labarin daban ne, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna saboda rashin sani. Mercedes ƙirar W123, wadda aka fara fitarwa a 1976, in tana da makullin bai-ɗaya to ba da lantarki yake aiki ba, da zuƙar iska ne. Akwai siraran tiyo da suka bi cikin ƙofofi, da tankin ajiyar iskar a baya, da wata 'yar tantanin roba a kowace ƙofa wadda iska ke ja. In robar nan ta tsufa ta tsage sai ƙofofi su daina kullewa. Abin mamaki ma, a mai amfani da man dizal, da wannan iskar ake kashe inji, saboda haka hudar da ke cikin ƙofa tana iya sa mutum ya zare makulli mota ta ci gaba da ruri, sai ya buɗe bonet ya danna abin kashewa da hannu. Gyaran ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so: a toshe tiyo ɗaya bayan ɗaya har a gano inda iska ke zurarewa, a canja robar. Abin takaici, wani da ya buɗe ƙofa ya ga babu waya, sai ya tsinke tiyon duka ya dasa nasa injin, ya bar bakin tiyo a buɗe. Garin neman gira an rasa ido.

Ƙanwarta W124, wadda ake kira V-boot, ita famfon lantarki ne ke ba ƙofofinta iska, kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake, watau kusa da daɓen mota. Wannan ya kawo mu ga abin da mutanen Maiduguri ba za su manta ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa, motoci da yawa suka kwana a cikinsa. Duk na'urar da ke ƙasa-ƙasa, kamar famfon nan ko akwatin rimot da aka cusa ƙarƙashin kafet, ita ce farkon shan ruwa. Laka kuma in ta bushe a jikin mahaɗar wayoyi takan ci gaba da cin tagulla a hankali, shi ya sa mota kan yi watanni bayan ruwa kafin ƙofa ta fara kulle kanta ko ta ƙi buɗewa. Duk mai sayen tsohuwar mota a garin nan ya kamata ya ɗaga kujerar baya da kafet ya duba.

A cikin ruwa mai zurfi, nauyin ruwan kansa yana danne ƙofa ko da ba a kulle take ba, mafita ita ce taga. Tsohuwar mota mai gilashin murzawa da hannu tana da wannan fifiko, don haka wanda ya sa makullin lantarki ya kuma ce a mayar masa da gilasai huɗu na lantarki, ya rataya dukkan hanyoyin fitarsa a kan batir guda. Ni dai da za a ji ta tawa, ko taga ɗaya ce a bar ta da mamurzinta.

Haka nan kada mai mota ya yarda a ce masa tun da ramin makulli ya lalace a bar shi, ai rimot ya isa. Ran da batir ya mutu da ƙofofi a kulle, sai an fasa gilashi, gilashin 504 kuwa ba a kowane shago ake samunsa yanzu ba. Balle a ce akwai yaro a ciki da tsakar rana. Haka kuma kada a cire sandar maɓallin ciki wai don injin ya sami sauƙin motsi.

Saboda haka kafin ka biya rewaya kuɗinsa, ka ce ya nuna maka fiyus ɗin da ya sa da inda ya ajiye akwatin, in a ƙasa yake a ɗaga shi sama bayan dashbod. Sannan ka sauke gilashi ɗaya, ka kulle motar da rimot, a cire kan batir. Ka gwada buɗe ƙofar direba da makulli daga waje, ka shiga ka gwada ƙofofin nan huɗu daga ciki ɗaya bayan ɗaya. In guda ta ƙi, a sake kwance murfin a gabanka.