Waiwaye: Lokacin da Juji Yake Dukiya

Akwai zamanin da manoman kewayen Kano ke shigowa birni da jakuna neman shara. Da rani ake wannan harka. Su cika mangala da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da duk abin da matan gida suka share, su kai gona su jibge tsibi-tsibi, sai damina ta ƙarato a baje. Wani ma har sai ya ba masu gida ɗan abin hasafi kafin a bar shi ya kwashe. Da irin wannan taki gonakin su Ungogo da Kumbotso da Gezawa suka yi shekara da shekaru suna ba da gero da dawa ba tare da an bar su sun huta ba.

Sirrin abin ba ɓoyayye ba ne: kusan duk kayan gida na lokacin masu ruɓewa ne. Fura a ƙwarya, a dama da ludayi. Tuwo a akushi, a rufe da faifai. Cefane a kwando. Goro a ganyen fita. Soson wanka a jikin danga yake fitowa, asuwaki kuwa reshe ne. Idan ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, akwai masu ɗinkinta, kuma sana'a ce da ake ci da ita. Ranar da ta gama aiki ta tafi juji, daga juji ta koma gona.

Sai leda ta shigo, ruwan leda ya biyo ta a shekarun 1990. Yau ka sayi tumatir leda ɗaya, attaruhu leda ɗaya, a haɗa su a ta uku, in mai kaya ya hana ka ma ka ce ya cika rowa. Koko da zafinsa a leda, malmalar tuwo a leda, abincin biki a robar da ake ci a yar. Ga famfas ɗin jarirai da ake wurgawa a lambatu da daddare don kada maƙwabta su gani.

Manomin da ya sayi tifar shara yanzu, rabin aikinsa tsintar leda ne, wadda ta tsere masa kuma garma ta binne ta, ta zauna a ƙasa tana tare saiwa. Tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin akuyar cikin gari: dunƙulen leda ne baƙi ƙirin, a murɗe kamar igiya, shi ya sa dabbar take ta rama alhali tana ci. Ruwan sama na awa ɗaya kuma ya isa ya shigar da kwata cikin ɗakuna, don magudanai sun toshe. Wanda ya ce bari ya ƙona ya huta, hayaƙin a ƙirjin 'ya'yansa yake sauka.

Ba cewa nake komai na da alheri ne ba. Moɗa ɗaya a bakin randa, kowa ya tsoma, ta yaɗa cuta ba kaɗan ba, kuma da famfo na kawo ruwa mai tsabta da ruwan leda bai samu kasuwa haka ba. Wannan laifin hukuma ne.

Doka ma an gwada. Bangaladash ta haramta leda a 2002 bayan an gano rawar da take takawa a ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, ta kuma tsaya kan maganarta. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma je kasuwar Maraɗi ka ga ko leda ta san da ita. Legas ta hana robar abinci mai kumfa a 2024.

Kafin doka ta iso ƙofar gidanmu, akwai abin da yake hannunmu. Uwargida, ki aiki yaro sayen koko da kofi mai murfi, ya tafi cefane da kwando ko jakar buhu. Maigida, a ajiye bokiti biyu a tsakar gida, ɗaya na toka da ɓawo da ragowar abinci, ɗaya na leda da roba, 'yan gwangwan su ɗauki abin da za su iya saye. Masu biki kuma, don Allah ku koma aron faranti.