Sharhi: Man kariya daga rana, kayan kwalliya ne ko magani?

A watan Satumban 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kare fata daga rana cikin jerin muhimman magunguna, musamman domin zabiya, waɗanda cutar daji ta fata ke hallaka da yawansu tun suna matasa a nahiyar Afirka. Matakin ya taso da tambayar da masu saye a Nijeriya ba su cika yi ba: me ke cikin man?

Sinadaran da ke tare hasken rana iri biyu ne. Akwai na ma'adinai, wato zinki oksayid da titaniyom dayoksayid, waɗanda ke zama a saman fata, su shanye mafi yawan haske mai cutarwa, su mayar da kaɗan. Akwai kuma irin su oksibenzon, waɗanda bincike ya nuna suna ratsa fata su shiga jini.

A 2019, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar cewa cikin sinadarai 16 da ta duba, ma'adinan nan biyu kaɗai ke da isasshiyar hujjar aminci da inganci. Ta nemi ƙarin bayani kan 12, ta ƙi amincewa da biyu. Likitoci sukan zaɓa wa yara da masu fata mai saurin ƙaiƙayi man ma'adinai.

Sai dai yana da nasa cikas. Yakan bar farin shafi kamar toka a baƙar fata, abin da ke sa wasu su daina shafawa ko su shafa kaɗan, kariyar ta ragu. Ga kuma tsada, domin galibinsa daga waje ake shigo da shi.

Lamarin bai tsaya kan zabiya ba. Masu shafa man bilicin suna rage wa fatarsu sinadarin launi, wanda shi ne garkuwarta ta asali, don haka rana ta fi yi musu illa.

Mai saye ya karanta jerin sinadarai, ya nemi alamar SPF 30 ko sama da haka da lambar rajistar NAFDAC, ya riƙa sake shafawa bayan awa biyu in yana cikin rana. Gwamnati kuwa, abin da ke gabanta shi ne ta sanya man cikin jerin muhimman magungunan ƙasa, ta sassauta harajin shigo da shi, domin zabiyan da ke noma ko talla a ƙauye ya same shi a asibitin da ke kusa da shi.