Aljani Ake Yi Wa Tambaya, Yarinya Tana Kwance

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ruƙiya ya san yadda ake yi. Yarinya tana kwance a tabarma, ƙarti biyu sun danne mata kafaɗu, hayaƙin habbatus sauda ya turnuƙe ɗakin, malam ya kafa baki a kunnenta. Wane ne kai? Daga ina ka fito? Musulmi ne kai ko kafiri? Wa ya turo ka? Ku nawa ne a jikinta? Idan amsa ta yi jinkiri, bulala ta sauka, a ce ai aljanin ne ke jin zafin. Bayan ta farfaɗo da shatar dorina a gadon baya, sai a ba ta ruwan tofi a mayar da ita gida. A duk wannan titsiye babu wanda ya ce da ita: 'yar nan, me aka yi miki?

Ba musun samuwar aljanu nake yi ba. Sura guda aka saukar da sunansu. Abin da nake ja da shi shi ne hukuncin da muke yankewa tun kafin a duba: duk macen da ta faɗi, muryarta ta sauya, ta farka ba ta tuna abin da ya faru, to aljanunta ne suka tashi. Wannan hukunci ya zauna mana daram har ya toshe ƙofar kowace tambaya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan yanayi na ɓallewar hankali. Tun 1889 Bafaranshen nan Pierre Janet ya yi rubutu a kansa. Idan firgici ko azaba ta fi ƙarfin mutum, kuma babu hanyar gudu, hankali ne yake gudu ya bar jiki a wurin. Yaron da ake gana wa uƙuba yakan ji kamar daga gefe yake kallon abin da ake yi wa wani. A lokacin, wannan kariya ce. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa takan saba, daga baya wani wari, ko tsawa, ko takun sawun wani mutum ya isa ya tayar da abin. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya ware gurbi na musamman ga wanda yake jin wani ruhi ya karɓe masa jiki ba da son ransa ba, har abin ya hana shi gudanar da rayuwa. Ya kuma cire wanda ya shiga yanayin da gangan bisa al'ada, kamar mai hawan bori a fagen wasa.

A kudu maso yammacin Yuganda, Marjolein van Duijl da abokan aikinta sun kwatanta mutum 119 da masu maganin gargajiya suka ce suna da iska da wasu 71 masu lafiya, aka buga sakamakon a 2010. Masu iskar sun fi sauran haɗuwa da munanan abubuwa a rayuwarsu. To mu da muke da matan da suka fito daga dajin Sambisa, da 'yan makarantar da aka kwasa a Jangebe a 2021, da yarinyar da aka ɗaura wa aure tana kuka, da wadda wani a cikin gida ya lalata aka ce ta rufa wa zuri'a asiri, me ya sa muke mamaki? Yarinyar da ba ta isa ta ɗaga ido gaban mahaifinta ba, muryar namiji ce kaɗai za ta fito daga bakinta ta ce ba a son auren nan, kuma a saurara. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma da saninta ba ne. Masu cewa iskanci ne kawai, a zane ta ta daina, kuskurensu bai fi na malamin sauƙi ba.

Tambayar "ku nawa ne" ita kanta tana ƙara ciwon. Hankalin da ya ɓalle yana saurin ɗaukar abin da aka cusa masa. Amurka ta ga haka: bayan fitowar littafin Sybil a 1973, labarin matar da aka ce tana da mutane 16 a cikinta, masu irin wannan larura suka yi ta ƙaruwa, aka kuma zargi wasu masu ba da magani da cewa naci wajen neman "sauran mutanen" ne ya haifar da su. Idan ka kwana kana neman sunan aljani na bakwai, za ka samu. Duka kuwa, ga wadda duka ne asalin ciwonta, tamkar kashe gobara da kananzir ne.

Maganin da aka sani ba shi da armashi, shi ya sa ba ya jan 'yan kallo. Da farko a tabbatar ba farfaɗiya ba ce, domin akwai nau'inta da ba ya kayar da mutum, sai dai ya ƙura ido, ya yi ta taunar baki, ya farka bai san an yi ba. Na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa tana taimakawa wajen bambancewa, kuma farfaɗiya tana da ƙwaya. Ɓallewar hankali ita kanta ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita, sai dai a magance baƙin ciki ko rashin barcin da ke tafe da ita. Aikin na zama ne da magana, mataki-mataki. A fara da raba ta da abin da ke cutar da ita. A koya mata gane alamar zuwan abin da yadda za ta riƙe kanta: ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta riƙe wani abu mai sanyi, ta ambaci ranar yau da abubuwa biyar da take gani a ɗakin, ta ja numfashi a hankali. Sai ta tsaya da ƙafarta sannan a taɓo abin da ya faru, ba a ranar farko ba. Idan a makarantar kwana ne abin ya kama ɗalibai da yawa, a raba su ɗaki-ɗaki, a kori cincirindo, a hana ɗaukar bidiyo. Taron jama'a da kururuwa su ke yaɗa shi.

Asibiti ma yana da nasa laifin. Sau da yawa ma'aikacin da ke bakin aiki yakan yi mata allurar barci, ya ce wa iyaye gwaji bai nuna komai ba. Uban da aka gaya wa haka alhali ya ga 'yarsa tana birgima, ina kake so ya nufa in ba gidan malam ba? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma daga ƙauye zuwa asibitin Dawanau ko Kware ko Barnawa tafiya ce mai cin kuɗi. Saboda haka malamai ba za su fita daga wannan harka ba, ba na kuma neman su fita. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majinyata suka zauna da danginsu, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Karatun Alƙur'ani da murya mai taushi ga wadda ta yarda yana kwantar da zuciya. Bulala da shaƙa hayaƙi da danne ƙirji ne ba su da gurbi.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, bayan 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi da hukumomin Hisba su yi wa cibiyoyin ruƙiya rajista, su haramta duka, su wajabta tura duk wadda ta faɗi fiye da sau ɗaya asibiti, su kuma sa a samu mace da za ta keɓe da majinyaciya ba tare da wanda ya kawo ta ba, domin wani lokaci shi ne wanda take tsoro.