A Sa Wa Taki Riga, Amma Ba Ta Leda Ba

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa, ku saurara.

Kowa ya san kuɗin buhun yuriya, amma mutum nawa aka gaya wa cewa masara ba ta cin ko rabinsa? Masana sun auna tun 1999 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na naitirojin da ake zuba wa hatsi shi ne kaɗai ke shiga shuka. Saura fa? In an watsa shi bisa ƙasa, rana ta buga, sai ya bi iska. In an tafka ruwa, sai ya zurare cikin rairayi. Ashe talaka ya biya kuɗin buhu uku, gona ta ci ɗaya!

Maganin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1960 a Amurka aka fara sa wa ƙwayar taki riga ta farar wuta, daga baya ta roba, don ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Shuka ta samu abinci tun tana ƙarama har ta kai bunni, ba ƙoshin rana ɗaya da yunwar wata guda ba.

To, amma rigar roba ba ta ruɓewa. Taki ya ƙare, ɓawon ya zauna. A Japan ɓawon nan ya bi ruwan gonakin shinkafa har bakin teku, har ƙungiyar manomansu ta yi alkawari a 2022 za ta rabu da shi kafin 2030. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 mai hana irinsa daga 2028. Ina kuke tsammani dillalai za su kai abin da aka ƙi a can? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai rigar da ƙasa ke cinyewa, ta sitacin rogo ko masara. Indiya kuwa tun 2015 ta tilasta a shafe yuriyar da take yi da man dogon yaro, wanda ke rage saurin ɓacewar naitirojin. Dogon yaro fa, jama'a! Wanda 'ya'yansa ke zuba a ƙofar gidajenmu muna sharewa. Ƙasarmu na yin yuriya har tana sayarwa waje, me ya hana mahukunta su ce a shafe namu? Barci ne, ko kuwa asarar talaka ba ta dame su ba?

Muna kira a tilasta rubuta irin rigar a jikin kowane buhu da Hausa. Ku 'yan kasuwa, ku tambayi dillali kafin ku sara. Ku manoma, kafin a ji kukanmu, ku tona rami ku binne yuriya, kada ku watsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.