Kuɗin gidauniya na talakawa ne, amma ƙofar ta masu faransanci ce

Yau kan gidauniyoyin kampanoni zan yi magana, waɗanda muke jin sunansu a rediyo duk ranar da aka miƙa makullin aji ko aka buɗe famfo ana ta ɗaukar hoto.

Ga yadda abin ke tafiya, don wanda bai sani ba. Kampani, na salula ne ko banki ko na haƙar ma'adinai, yana ware wani abu daga ribarsa ya zuba a asusu na daban mai kwamitinsa. Kwamitin ya fidda sanarwa cewa ƙungiyoyi su kawo dosiye. A tace, a zaɓi kaɗan, a riƙa ba su kuɗin kashi-kashi: sai ka kawo rahoto da rasit na kashin farko kafin a saki na biyu. A takarda ba laifi. Ni ma ban ce a raba kuɗi ba lissafi ba.

Matsalar tana bakin ƙofa. Sanarwar da faransanci take, kuma a intanet. Ana son takardar izini ta ma'aikatar cikin gida, asusun banki da sunan ƙungiya, rahoton kuɗi na shekarun baya, da wani jadawalin aiki wanda ko malamin lakwal sai ya yi gumi kafin ya cika shi. Bara dare uku na yi ina taya wata ƙungiyar matan unguwarmu haɗa irin wannan dosiye. Injin niƙa kawai suke nema. Amsar da ta dawo layi ɗaya ce: takardu ba su cika ba.

Matan nan fa ba baƙin lissafi ba ne. Tun 1991 aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, har tsarin ya ƙetara zuwa wasu ƙasashe. Kowane mako ana zubi, akwati da kwaɗonsa, a ƙirga kuɗi gaban kowa, a ba da rance a biya. Don Allah wace ƙungiyar ofis ce a Yamai take ƙirga kuɗinta gaban jama'a? Amma ita ke cin dosiye, don tana da mai iya rubutun da kwamiti ke so. Daga baya ta zo da mota ta tara matan nan a tabarma, a ɗauke su hoto a ce su ne suka amfana.

Wanda ya samu ma bai huta ba. Gidauniya ta fi son abin da za a kafa wa allo mai sunan kampani. Kuɗin gyara, man babur, ladan mai gadi, yawanci babu su a lissafi, kuma tallafin na ɗan lokaci ne. Ranar da famfon ya tsaya, allon na nan tsaye, mata sun koma rijiya da guga.

Kuma kar a rikita mu, kyauta daban, haƙƙi daban. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, haka ma dokar man fetur. Wannan ba alfarma ba ce, kuma aji biyu na gidauniya ba su maye gurbinsa. Mutanen Akokan sun ga yadda gari ke zama bayan Cominak ta rufe a 2021.

Abin da muke nema ba shi da tsada. A karanta sanarwar da Hausa da Zabarmanci da Tamashek a rediyoyin karkara. A buɗe ƙaramar taga ta jika ɗari biyar ko miliyan ɗaya, wadda shaidar mai unguwa da ta magajin gari za ta isa, in ya so kwamiti ya turo mutum ya duba littafin zubi da idonsa. Sannan duk ƙarshen shekara a liƙa sunayen waɗanda suka karɓa da nawa suka karɓa, mu ma mu gani.

Su kuwa matan unguwarmu sun koma zubinsu. Sun ce maganar inji sai bayan kaka, in gero ya yi.